Kwana 43 a rufe, an tashi da alƙawarin ƙuri'a

To, ga shi nan an kaɗa ƙuri'ar da aka yi wa 'yan Democrat alƙawari a Majalisar Dattawan Amurka don a buɗe gwamnati, bayan ta yi kwana 43 a rufe saboda sun ƙi amincewa da kasafi sai an tsawaita ƙarin tallafin inshorar lafiya. Ranar Alhamis, 11 ga Disamba, 2025, sanatoci 51 sun ce e, 48 sun ce a'a, ana bukatar 60. Kudurin tsawaita tallafin inshorar lafiya ya faɗi kamar yadda duk mai iya lissafi ya san zai faɗi. Kafin a yi haka har an sake tono tsohon zance: wai laifin sanatoci takwas ne na ɓangaren Democrat da suka yarda aka buɗe gwamnati, maciya amana, da sun ƙara haƙurin mako ɗaya da Trump ya durƙusa. Don Allah jama'a a daina wannan tatsuniyar. Mako ɗayan me? Ya durƙusa wa wa, da wace ƙuri'ar?

Mu ƙirga da yatsu. Majalisar Dattawa kujera 100 ce. A 2025 'yan Republican na da 53, 'yan Democrat da masu zaman kansu biyu da ke binsu na da 47. Kudurin kasafi ba ya wucewa sai mutum 60 sun yarda a rufe muhawara, wato dokar nan ta filibasta. Sanata Rand Paul na Republican ya ƙi bin jam'iyyarsa, saura 52, shi ya sa John Thune, jagoran 'yan Republican a Dattawa, yake neman takwas daga ɗaya ɓangaren. Uku daga ciki, Fetterman da Cortez Masto da Angus King, tun daren farko suna tare da shi. Ashe ƙarfin 'yan Democrat gaba ɗaya a hannun mutum biyar yake. Kuma wane irin ƙarfi? Ƙarfin hanawa. Wanda ke da kujera 47 yana iya tare hanya, amma ba ya iya kafa doka. Tsawaita tallafin nan doka ce: sai ta samu 60 a Dattawa, sai ta wuce a Majalisar Wakilai da ke hannun kakaki Mike Johnson na Republican, sai Trump ya sa hannu. Ƙofa uku, kuma ba su riƙe da mukullin ko ɗaya. Johnson ma sallamar 'yan majalisarsa ya yi tun 19 ga Satumba, bai kira su ba sai 12 ga Nuwamba. Da wa za a yi cinikin?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake tsallake tambayar farko. Wa ya rubuta cewa tallafin zai ƙare ranar 31 ga Disamba, 2025? Ba Trump ba ne. 'Yan Democrat ne da alƙalaminsu. A watan Maris na 2021 suka ƙirƙiro ƙarin tallafin a cikin dokar agajin korona, na shekara biyu. A watan Agusta na 2022 suka ƙara masa shekara uku a dokar rage hauhawar farashi, wadda ta wuce da 51 da 50 bayan Kamala Harris ta raba gardama. Duka biyun sun bi ta hanyar nan ta musamman ta daidaita kasafi, wadda ba ta bukatar 60, rinjaye kawai take nema. Fadar White House tasu ce, Dattawa tasu, Wakilai tasu. Tun ran gini tun ran zane. Ranar da ya kamata a ɗaure abin tamau ita ce ranar, amma aka sa masa wa'adi don kuɗin kudurin ya yi ƙanƙanta a kan takarda, da tunanin idan lokaci ya yi babu mai ƙarfin halin janye abin da mutum miliyan 22 suka riga suka saba da shi. Caca ce aka yi, kuma an cinye su.

Na san amsar da za a ba ni: ai sanatan Democrat na wancan lokacin, Joe Manchin, ne ya ƙi. To madalla, kun kawo mini hujjata da kanku. Idan lokacin da kuke da kujera 50 da mataimakiyar shugaban ƙasa ba ku iya mai da shi na dindindin ba, da kujera 47 kuma a gwamnatin abokin hamayya za ku iya? Wani kuma zai ce su ma 'yan Republican haka suka yi da ragin harajinsu na 2017, suka sa masa wa'adin ƙarshen 2025. Gaskiya ne. Bambancin dai sun ci zaɓen 2024, suka dawo ta wannan hanya ta daidaita kasafi, ranar 1 ga Yuli, 2025, mataimakin shugaban ƙasa JD Vance ya raba gardama 51 da 50, ranar 4 ga Yuli Trump ya sa hannu, ragin ya zama na dindindin. Ba su rufe komai ba. Akwatin zaɓe ne ya biya musu bukata.

Kada wani ya ɗauka wai raina abin da ake faɗa a kai nake yi. Wallahi babbar magana ce. Ga yadda abin yake aiki: a tsohon tsarin Obamacare, wato dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama, duk wanda kuɗin shigarsa ya haura ninki huɗu na ma'aunin talauci ba ya samun ko sisi. A ma'aunin 2025, ga mutum ɗaya iyakar dala 62,600 ce a shekara, ga mata da miji 84,600. Ƙarin tallafin ya cire wannan iyaka, ya ce kada kowa ya biya fiye da kashi 8.5 cikin ɗari na abin da yake samu a kan inshorar da ake awo da ita, masu ƙaramin ƙarfi kuma wasu ba sa biyan komai. Ɗauki mata da miji 'yan shekara 60 masu samun dala 85,000: a 2025 abin da ke kansu bai fi dala 7,200 da 'yan kai ba. Daga Janairu 2026 sun zarce iyaka da dala 400 kacal, sai su ɗauki kuɗin gaba ɗaya, ƙarin kaɗai ya haura dala 20,000. Cibiyar binciken harkar lafiya ta KFF ta ƙiyasta cewa a 2026 abin da mai tallafi ke biya daga aljihunsa zai tashi daga kimanin dala 888 zuwa 1,904 a shekara. Manoma ne, direbobin haya ne, masu ƙananan shaguna ne, da waɗanda suka ajiye aiki kafin su kai 65 su shiga Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi. Masu lafiya su za su fara fita, a bar marasa lafiya, kamfanoni su sake ƙara farashi. Kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na masu wannan inshora a jihohin da Trump ya ci suke, Florida kaɗai ta haura miliyan huɗu. Ciwon gaskiya ne. Maganin da aka ɗauko ne ba na ciwon ba.

A nuna mini sau ɗaya da rufe gwamnati ya ba mai nema abin da yake nema. Sau ɗaya tak. Newt Gingrich, kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, ya gwada da Clinton a ƙarshen 1995, kwana 21, Clinton ya zarce a 1996. Sanata Ted Cruz na Republican ya gwada a 2013 don ya kashe Obamacare, ya yi jawabin awa 21, aka rufe kwana 16, ga Obamacare nan har yau muna faɗa a kanta. Trump da kansa ya gwada daga Disamba 2018, kwana 35, yana neman dala biliyan 5.7 na katangar kan iyakar Mexico, ya buɗe ba a ba shi ba, ranar da jirage suka fara makalewa a filin LaGuardia. Wanda ya fi kama da na 2025 kuwa shi ne na Janairu 2018. Chuck Schumer ɗin nan dai, jagoran 'yan Democrat a Dattawa, kwana uku, a kan matasan da aka shigo da su Amurka suna yara. Me ya samu? Alƙawari daga Mitch McConnell, jagoran 'yan Republican a Dattawa na lokacin, cewa za a yi ƙuri'a. Aka yi a Fabrairu, duk kudurorin suka faɗi. Shekara bakwai bayan nan an sake shirya wasan, kwana 43 maimakon uku, ladan bai canja ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, wajen fita ne ake sanin zurfinta.

Dalilin da ya sa ba ta ci ba boyayye ba ne. Wanda ke riƙe da gwamnati shi ke zaɓar inda zafin zai sauka. Sojoji? An lalubo kimanin dala biliyan 8 daga asusun binciken ma'aikatar tsaro aka biya su a tsakiyar Oktoba, an kashe wannan wutar. New York, jihar Schumer da Hakeem Jeffries, jagoran 'yan Democrat a Wakilai? Russell Vought, mai kula da kasafi a Fadar White House, ya daskarar da kimanin dala biliyan 18 na aikin ramin jirgin ƙasa na kogin Hudson da layin Second Avenue. Ma'aikata kusan 4,000 aka miƙa wa takardar kora. Sannan 1 ga Nuwamba ta zo, tallafin abinci na SNAP da mutum miliyan 42 ke ci ya tsaya. Alƙalai a Rhode Island da Massachusetts suka ce a biya, gwamnati ta garzaya har Kotun Ƙoli don kada ta biya cikakke. Ku tsaya a nan. Gwamnatin da ta je Kotun Ƙoli don kada ta ba talaka kuɗin cefane, ita ce kuke cewa saura mako ɗaya tausayi ya kama ta? Ranar 7 ga Nuwamba aka fara rage tashin jirage a filaye 40, ana shirin kaiwa kashi 10 cikin ɗari, ga bikin Thanksgiving mai yawan tafiye-tafiye ya ƙarato. A wannan rana Schumer ya sauko da farashi zuwa shekara ɗaya tak, Thune ya yi fatali da tayin nan take. Idan ka yi garkuwa da abin da kai ne ka fi damuwa da shi, wanda kake yi wa barazana kallonka kawai zai yi.

Sai kuma masu cewa ai Trump ya fara rawar jiki, tunda yana ta kiran a soke filibasta. Shi ne rawar jikin? Malam, wannan ai shi ne mafi munin abin da zai iya faruwa da 'yan Democrat. Da Thune ya biye masa, 47 ɗin nan sun zama 'yan kallo har zuwa Janairu 2027, kowace doka ta wuce da 51. Ƙarin mako ɗayan da kuke kuka a kai, can ya nufa.

Eh, na ji, 'yan Democrat sun ci zaɓen 4 ga Nuwamba, 2025. Spanberger a Virginia, Sherrill a New Jersey, Mamdani a birnin New York, California ta amince da sabuwar taswirar mazaɓu. An kuma sa maganar kuɗin asibiti a bakin kowa, har sanatocin Republican huɗu, Collins da Murkowski da Sullivan da Hawley, suka tsallako ranar Alhamis. Idan yaƙin neman zaɓen 2026 aka buɗe, to a fito a faɗa, ni ma sai in ce dabara ce mai tsada amma ba wauta ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a gaya wa magoya baya cewa ba za a buɗe ba sai an samu tallafi, alhali shugabanni sun san babu hanyar samunsa. Kai ka hura wutar, ka ce wa mutane nasara na bakin ƙofa, sannan ka yi mamakin sun kira masu buɗewa maciya amana.

Su takwas ɗin ma, duba su da kyau. Durbin da Shaheen sun riga sun sanar da yin ritaya. Hassan da Cortez Masto da Fetterman sai 2028. Kaine da Rosen da King sai 2030. Babu ko ɗaya da zai fuskanci masu zaɓe a 2026. Kuma a lokacin Durbin shi ne na biyu a shugabancin 'yan Democrat a Dattawa, mai aikin ƙirga ƙuri'u. Takwas ake nema, takwas cif aka samu, ba tara ba, duk waɗanda ba su da abin asara, Schumer kuma ya ɗaga hannu ya ce a'a. Ni dai ban ce an shirya ba. Kowa ya yi nasa lissafin. Abin da suka karɓo kuma ba fanko ba ne: an mayar da waɗanda aka kora, an biya albashin da aka riƙe, kuɗin ma'aikatar noma da SNAP ke ƙarƙashinta ya samu har ƙarshen Satumba 2026, saboda haka ko an sake rufewa bayan 30 ga Janairu, 2026, ranar da sauran kuɗin suke ƙarewa, ba za a sake riƙe abincin mutane ba. Kaɗan ne a kan kwana 43, amma shi ke nan abin da ke kan faifan tun ranar farko.

Af, kafin in manta. Duk hayaniyar nan da ake yi, mutum nawa suka karanta abin da aka soka a cikin kudurin buɗe gwamnatin? A sashen kasafin majalisa aka saka wani sakin layi da ya ba sanata damar kai gwamnati ƙara ya karɓi dala 500,000 idan masu bincike suka karɓi bayanan wayarsa ba a sanar da shi ba, kuma aka mayar da shi baya har 2022 don ya haɗa da sanatocin Republican da binciken Jack Smith, lauyan musamman da ya binciki Trump, ya taɓa. Sanatoci kaɗai, ban da 'yan Majalisar Wakilai. 'Yan Wakilai kuwa da suka gani, mako guda bai cika ba sosai suka kaɗa ƙuri'ar soke shi, 426 babu ko mutum ɗaya da ya ce a'a. Majalisar da ta yi kwana hamsin da wani abu ba ta zauna ba.