Kuɗin kifi muke biya, ƙanƙara ake auna mana

Alhazai masu ɗakunan sanyi, ku gafarce mu, yau kam sai mun faɗa. Duk mai suyar kifi a bakin Kasuwar Dole ko a lungunan Zango ya san halin da kwalin kifin teku ya shiga. A jiki an rubuta kilo 20. Ka narkar da shi, ka tsane ruwan, ka ɗora a sikeli, sai ka ga allura ta tsaya tun ba ta yi kusa da 20 ba. Takarda ta ce kowane kifi giram 300 zuwa 500 ne, amma manyan ukun huɗun suna sama, ƙasan kwali duk 'yan mitsi-mitsi. Ka buɗe baki, amsar guda ce: "Ai teku ce ta yi zafi, kifi ya yi ƙaranci."

To, zancen tekun mu ma mun san shi, kuma gaskiya ne. Kusan kashi 90 cikin ɗari na rarar zafin da duniya ke tarawa teku ce ke shanye shi. Kifin da ke kwance a ƙasan ruwa, irin su panla da kod (wani farin kifi na tekunan ƙasashen sanyi), jikinsa ba ya riƙe ɗumi, zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jikinsa. Ruwa na ɗumama sai buƙatarsa ta abinci da iskar shaƙa ta ƙaru, alhali ruwa mai ɗumi iskar da yake riƙewa ba ta kai ta mai sanyi ba. Ga kuma ruwan sama da ya yi ɗumi ya yi sauƙi, ya zauna kamar mai a kan miya, ya ƙi gauraya da na ƙasa, sai iska ta daina isa can zurfi yadda ya kamata. Daga 1960 zuwa yau teku ta rasa kusan kashi 2 cikin ɗari na iskarta. Abin da kifi ke yi a nan biyu ne: ko ya ƙaura, ko ya balaga da wuri ya tsaya da ƙaramin jiki.

An auna wannan a Tekun Arewa, tsakanin Ingila da Norwe. Cikin shekara 25 ruwan ƙasa ya ƙara zafi da digiri 1.6, kifayen ƙasa kuma suka riƙa nutsawa da kusan mita 3.6 a kowace shekara goma. Jirgin da ya saba jan koma a wuri kaza dole ya ƙara nisa, ya ƙara igiya, ya ƙona gazuwal fiye da da. A gaɓar Alaska, bayan zafin ruwa na 2014 zuwa 2016, kod ya yi ƙarancin da ya sa aka rufe kamunsa a 2020. A Tekun Barents, inda Norwe da Rasha ke raba kamu, an yarda a kama tan 885,600 na kod a 2021, zuwa 2025 ya sauko tan 340,000. Ba zafi kaɗai ba ne, kwaɗayin jiragen kamu ma ya ci nasa rabon. A 1992 Kanada ta rufe kamun kod a wani yanki na tekunta don an kwashe shi ƙarƙaf. Idan farin kifi ya yi wuya, Turai ta fi mu aljihu, ita ke zaɓe, ragowar ta biyo jirgi zuwa Legas, Kwatano da Lome.

Duk mun yarda. Amma wace teku ce ta zuba ruwa a cikin kwali? Ƙanƙarar da ake lulluɓe kifi da ita siririya ce, don kada sanyi ya busar da fata. Idan ka fasa kwali ka tarar da dunƙulen ƙanƙara ja a gindinsa, kifaye sun manne da juna kamar an liƙa su, wannan jini ne da ruwan jiki: kayan sun narke a hanya aka sake daskarar da su. Kifin teku digiri 18 ƙasa da sifiri yake so, daga tashar jirgi har hannun mai saye. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanya ta ƙara tsawo, direba na tsimin gazuwal ya kashe injin sanyi da dare, a iso Damagaram wuta ta ɗauke, a ƙi tayar da injin wuta. Wata na Afrilu, zafi ya haura digiri 40, me ake jira?

Alamominsa ba su ɓuya. Ido ya faɗa ciki ya yi fari. Ɗaga murfin kunne, maimakon ja sai ka ga launin ƙasa. Danna tsoka da yatsa, ramin ba ya tasowa. Ciki ya fashe tun ba a sa wuƙa ba. A kasko kuwa sai ya yi ta tartsatsi, ya sha mai, ya farfashe, mai suya ta rasa gunduwar da za ta jera a faranti. Uwar gida ta kai gida, yara su kwana da ciwon ciki, gobe ita mai suyar ce za a zaga, ba Alhajin da ke zaune a ofis ba.

Kuma a daina yi mana wayo da suna. Titus da kote kifin saman ruwa ne, ba na ƙasa ba. Nasu labarin daban. Kar a ɗauko ƙarancin kod a ɗora wa kowane kwali. Na gida ma ba sauƙi: tarwaɗa da karfasar tafkin Gidimuni ba sa isar gari, bandar Diffa kuwa rashin tsaro ya sa ta tsada.

Abin da muke so bai taka kara ya karya ba. A auna kwali a gaban mai saye. A rubuta nauyin kifi ban da ƙanƙara. A rataye ma'aunin sanyi a ƙofar ɗaki inda kowa zai gani. Kwalin da ya narke a ware shi, a faɗa, kar a cusa shi tsakiyar masu kyau. Jami'an duba lafiyar abinci kuma su riƙa shiga ɗakunan nan da rana tsaka lokacin da wuta ta ɗauke, ba da safe bayan an sanar da zuwansu ba.