Ya liƙe mini batir da gam, kuma yana jiran cikon kuɗinsa

Wata biyu da kwana tara motar mahaifina ta yi a hannun wani mai ɗinkin kujerun mota a nan Kaduna, a kan aikin da ya rantse mini ba zai wuce mako guda ba. Da jinkirin ne kaɗai da na haɗiye, wa bai saba da "gobe in sha Allahu" ba a garin nan? Abin da na tarar ranar da na je ɗauka shi ne ya hana ni barci.

Motar MGB ce ƙirar 1970, 'yar ƙaramar nan mai kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa, irin wadda aka riƙa ƙerawa a garin Abingdon na Ingila daga 1962 har aka rufe masana'antar a 1980. Marigayi Baba ya taho da ita ta jirgin ruwa da ya gama karatu a 1971, lokacin ana bin hannun hagu a Najeriya, shi ya sa sitiyarinta yake dama. A Afrilun 1972 ƙasar ta koma bin hannun dama, ita kuwa ta zauna yadda aka yi ta. Ku riƙe maganar sitiyarin nan.

Rufinta ne ya tsufa, ruwan Agusta ya yi ta ɗiga ciki shekara da shekaru. Shimfiɗar da ke ƙarƙashin kafet ɗin, mai kama da buhun algarara, ta sha ruwa ta riƙe, tsatsa kuma ta ci ƙarfen ƙasa har ina hango kwalta ta gefen kuloci. Ita MGB ba ta da firam daban, jikinta da ƙasanta abu ɗaya ne, in ƙasa ya ruɓe ƙarfin motar ne ya tafi. Mai walda ya yi aikinsa tsaf, Allah Ya saka masa. Saura kafet.

Da hannuna na cire tsohon kafet ɗin, gutsure bayan gutsure: na tudun giya, na gefen ƙofofi, na wurin taka ƙafa, na bayan kujeru, na kan rumfar tayoyin baya. Kowanne na rubuta masa lamba da alli a baya, na zuba a jaka. Ana sayar da cikakken saiti yankakke a Ingila, amma da na lissafa fam da kuɗin dako da na kwastan sai na ja da baya. Na kai wa mai ɗinkin nan jakar na ce, "Malam, wannan shi ne ma'auninka. Ka ɗora a kan sabo ka zana, ka yanka, ka dawo mini da shi." Ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ni da na yi wa Marsandi da Fijo ba adadi, wannan 'yar akwatin ashanar ce za ta gagare ni?" Na ba shi kafin alƙalami na tafi. A wurin nan na yi wauta, na yarda.

Baƙin kafet na ce. Na tarar da ruwan toka mai ɗigo-ɗigo, irin wanda ake shimfiɗawa a ofis, mai tauri kamar ƙirgi. Irin wannan ba ya lanƙwasuwa, don haka da ya iso tudun giya sai ya yi ta tsaga shi da reza yana danna shi da gam. Bakin ko'ina babu dajiya, zare sai fita yake. Robar nan da ake ɗinkawa inda dugadugin direba yake gogawa kuwa, ya ɗinka ta da kyau, ɗinki mai layi biyu, a gefen hagu. Sitiyari na dama yana kallonsa, fedoji uku suna kallonsa, wata biyu cur! Da na nuna masa sai ya ce ai duk mota a hagu ake sa wa.

Na shiga in tayar, shiru. Batir ya kwanta saboda zama. To a MGB batir ba a gaba yake kusa da inji ba, yana bayan kujeru ne, a cikin rami ƙarƙashin wani murfin ƙarfe. Ƙirar 1970 ma guda biyu take ɗauka masu ƙarfin wuta bolt 6, ni dai na daɗe da mayar da su guda ɗaya mai bolt 12. Kafet ɗin wurin ɗagawa ake yi, ba a liƙe shi. Na miƙa hannu in ɗaga, ya ƙi. Bawan Allah ya malala gam tun daga wannan gefe har wancan, ya haɗe kafet da murfi da jikin mota. Na ce, "Malam, ina batir ɗin motar nan?" Wallahi sai ya nufi gaba zai buɗe bonet. Da wuƙa muka farke sabon aikin nasa a gabansa kafin a kai ga waya, shi kuma yana tsaye yana cewa a yi a hankali kar a ɓata masa aiki.

Inda gam ya ƙi kamawa, sukurori ya ɗaura, ya huda sabon ƙarfen da na biya aka yi wa walda da fenti. Na kwanta ƙarƙashin motar na ƙirga tsini goma sha ɗaya, ɗaya bai fi faɗin yatsa ba tsakaninsa da bututun birki. Kowane huji kuma sabuwar ƙofa ce ta ruwa. Notocin kujera na ma'aunin inci ne, sifana 7/16 suke so, yaransa suka sa musu lamba 12 suka cinye kawunansu. 'Yan katakan da ke ƙarƙashin layin kujera, waɗanda suke hana shi nutsewa cikin kafet, sun ɗauka tarkace ne sun yar, yanzu kujerar ba ta gaba ba ta baya.

Duk wannan da na iya cewa ƙaddara. Sai na tambayi jakata. Ya dubi babban yaronsa, yaron ya dubi ƙasa. Ashe tun makon farko aka zazzage ta. Manyan gutsattsarin yara suna shimfiɗawa su kwanta ƙarƙashin mota, sauran an share da shara. Na ga ɗaya da idona a bakin kwata, ya sha baƙin mai, lamba 4 da na rubuta tana nan a bayansa. Kafet ɗin da ya shekara sama da hamsin a motar, wanda Baba ya taka, wanda shi kaɗai ne zai nuna wa wani gwanin yadda ake yankawa. Bai ko buɗe ya gwada ba, da ido ya yi aikinsa.

Me zai rage shi da ya ce mini tun farko, "Alhaji, ban taɓa yin irin wannan ba"? Da na zauna tare da shi mun yi a hankali, ko in nemi wani. Amma a wurin wasu masu sana'armu faɗin "ban iya ba" ya fi ɓata dukiyar mutum nauyi. Na kai ƙara wurin shugabansu na layin, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce in yi haƙuri, ai tsohuwar mota ce.

Yanzu Asabar uku ke nan ina durƙushe a gareji da kananzir da tsohon cokali ina kankare gam, ina yanka kwali ina gwada sabon ma'auni da kaina. Na toshe huji bakwai, saura huɗu. Jiya da daddare ya kira ni, wai yana tuna mini cikon kuɗinsa, kuma in da hali in tura masa hoton motar zai nuna wa wani kwastoma.