Ƙuri'a sama da 500,000, kujera ko ɗaya babu: abin da ya tsaya min a rai game da zaɓen Kebek

Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka san ni sun san ba na yawan tsoma baki a siyasar Kanada a wannan shafi, don yawancinku kuna gida, kuma kuna da naku ciwon kan da ya ishe ku. Amma akwai maganar da take ci na a rai tun daren Litinin 3 ga Oktoba 2022, ranar da muka zaɓi 'yan majalisar dokokin lardin Kebek, kuma yau na ga gara in amayar da ita.

Ranar na tashi daga aiki na wuce rumfar zaɓe a unguwarmu ta Saint-Laurent a Montreal. Ba layi mai tsawo, ba 'yan daba, ba mai raba taliya ko sabulu. Aka duba katina, aka miƙo min takarda, na shiga bayan labule na yi alama, na jefa a akwati. Ƙarfe takwas na dare aka rufe rumfuna, kuma kafin in gama shan shayi gidajen talabijin sun riga sun ce François Legault da jam'iyyarsa ta CAQ sun sake kafa gwamnati da gagarumin rinjaye. Babu wanda ya yi kukan maguɗi, don ba a yi ba. A idon wakilan jam'iyyu ake ƙirga takardun da hannu. Ta wannan fuska na yaba, kuma ina yi wa ƙasashenmu fatan irin wannan natsuwa.

Washegari a wurin aiki na tarar da wani abokin aikina, Bature ɗan asalin yankin Beauce, ya yi jugum. Shi jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Éric Duhaime ya zaɓa. Ni da shi ba ma shan inuwa ɗaya a siyasa, mun sha yin musu a kan dokokin kulle na lokacin korona, waɗanda su ne suka tara wa Duhaime jama'a. Ya ce min su fiye da mutum rabin miliyan ne suka zaɓi jam'iyyar nan, amma ba su da ko mutum ɗaya da zai miƙe ya yi magana da yawunsu a majalisa. Na ɗauka zafin faɗuwa ne ya sa shi ƙarin gishiri. Da na koma gida na duba alƙaluman, sai na ga gaskiyarsa.

A zaɓen 2022 majalisar tana da kujeru 125. CAQ ta samu kusan kashi 41 cikin 100 na ƙuri'u, ta kwashe kujeru 90. Québec solidaire (QS), jam'iyyar masu ra'ayin gurguzu, ita ta zo ta biyu a yawan ƙuri'u da kashi 15.4, ta tashi da kujeru 11. Parti québécois (PQ), tsohuwar jam'iyyar masu neman ɓallewa daga Kanada, ta samu kashi 14.6, kujerunta 3 kacal. Jam'iyyar Liberal ta Dominique Anglade ta zo ta huɗu da kashi 14.4, mafi munin kaso a tarihinta, amma ta samu kujeru 21, ta zama babbar jam'iyyar adawa. Ta Duhaime kuwa kashi 12.9, ba kujera. Ku sake duba waɗannan lambobin da kyau. Jam'iyyu huɗu kusan kai ɗaya suke a wurin jama'a, tazarar da ke tsakanin ta sama da ta ƙasa ba ta kai kashi 3 ba, amma a zauren majalisa wata 21, wata 11, wata 3, wata fanko. Kowace kujerar CAQ ta ci mata ƙuri'a ƙasa da 19,000, yayin da kowace kujerar PQ ta ci mata wajen 200,000.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuma 'yan Najeriya sun san tsarin kamar yunwar cikinsu, don gadon Ingila ne a nan da can. An yanka lardin gida 125, kowace mazaɓa wakili ɗaya, wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce, ko da kashi 30 kawai ya samu. Duk sauran ƙuri'un sun bi ruwa. Bambancin shi ne a nan ba a zaɓen firimiya kai tsaye yadda ake zaɓen gwamna a Kano ko Sakkwato. Shugaban jam'iyyar da ta riƙe majalisa shi ke zama firimiya, ministocinsa daga cikin 'yan majalisa suke, kuma tun 1968 aka rushe majalisar dattawan lardin. Saboda haka wanda ya samu kujeru 63 ya haɗa gwamnati da majalisa a hannu ɗaya na shekara huɗu. A irin wannan tsari, jam'iyyar da magoya bayanta suka taru a wuri ɗaya tana cin riba, wadda nata suka warwatsu ko'ina tana asara. 'Yan Liberal sun cunkushe a Montreal da kewayenta, inda masu jin Turanci da baƙi irinmu suka fi yawa. 'Yan PQ da na Duhaime kuwa suna ko'ina, a mazaɓu da dama sun zo na biyu, kuma na biyu ba shi da komai. A Beauce, yankinsu abokin nawa, ƙuri'u 'yan ɗaruruwa ne suka hana su kujera.

Lokacin da jam'iyyu biyu ne ke kokawa, wannan ciwo yana ɓuya. Kusan shekara 50 siyasar Kebek ta tsaya ne a kan tambaya guda, a ɓalle daga Kanada ko a zauna, Liberal da PQ suna karɓa-karɓa. An yi ƙuri'ar raba gardama a 1980, an sake a 1995, inda masu cewa a zauna suka sha da ƙyar da kashi 50.6. Ko a wancan zamani tsarin ya kan yi tuntuɓe. A 1998 Liberal ta Jean Charest ta fi PQ ta Lucien Bouchard yawan ƙuri'u, amma PQ ta samu kujeru 76, Liberal 48. Legault, wanda tsohon ministan PQ ne kuma ɗan kasuwar jiragen sama, ya kafa CAQ a 2011 yana cewa a ajiye zancen ɓallewa a gefe, a kare Faransanci da al'adar Kebek daga cikin Kanada. A 2018 ya ci kujeru 74 da kashi 37. Daga nan fagen ya zama na jam'iyyu biyar, ana auna su da mudun da aka sassaƙa don biyu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Legault ya san da wannan duka, kuma da bakinsa ya yi alkawarin gyarawa. A watan Mayu 2018, yana ɗan adawa, ya zauna da shugabannin PQ da Québec solidaire da jam'iyyar kare muhalli, suka sa hannu a takarda cewa duk wanda ya hau mulki zai kawo tsarin da ke raba kujeru daidai da ƙuri'u. Har ya ce shi ba zai yi irin ta Justin Trudeau ba, wanda ya yi irin wannan alkawari a matakin tarayya a 2015 ya kuma watsar a 2017. Bayan ya hau, a Satumba 2019 ministarsa Sonia LeBel ta kawo ƙudurin doka mai lamba 39. Kujeru 80 za a ci gaba da zaɓensu a mazaɓu kamar da, 45 kuma a raba su a yankuna 17 don cike giɓin jam'iyyun da aka tauye. Kowane mai zaɓe zai jefa ƙuri'a biyu, ɗaya ga mutum, ɗaya ga jam'iyya. Ƙudurin yana da rauninsa, don sai jam'iyya ta kai kashi 10 a duk lardin kafin ta shiga rabon, kuma an rataya masa sharaɗin raba gardama da babu shi a yarjejeniyar farko. Duk da haka mafari ne. Sai aka yi ta jan ƙafa, aka fake da korona, a ƙarshen 2021 aka binne shi. Da 'yan jarida suka tayar masa da maganar a yaƙin neman zaɓen 2022, ya nuna cewa ba ta dami talaka ba, wasu 'yan boko ƙalilan ne kawai ke damuwa da ita. Abokin aikina ba ɗan boko ba ne, mai gyaran injina ne, kuma ta dame shi. A tarbiyyar da aka yi mana, alkawari kaya ne, kuma wanda aka sa wa hannu a gaban jama'a ya fi nauyi.

Yanzu bari in faɗi inda maganar ta taɓa ni, don kada a ce ina kuka ne saboda an kayar da nawa. Ba a kayar da nawa ba. Wadda na zaɓa, Marwah Rizqy ta Liberal, ta ci kujerarta. A gaskiya unguwanni irin tamu suna cikin waɗanda wannan tsari ya yi wa gata, don ƙuri'ata ta fi ta ɗan PQ nauyi wajen sau bakwai. Kuma ina da dalilan da suka sa nake jin zafin CAQ. Ita ta kawo doka mai lamba 21 a 2019, wadda ta hana malaman makarantun gwamnati da 'yan sanda da alƙalai sanya alamar addini a wurin aiki, kuma kowa ya san 'yan uwanmu mata masu hijabi ne suka fi shan wuyarta. A Disamba 2021 an cire wata malama daga ajinta a garin Chelsea saboda ɗankwalinta kawai. A lokacin kamfe ministan shige da fice na lokacin, Jean Boulet, ya ce kashi 80 na baƙi Montreal suke zuwa, ba sa aiki, ba sa jin Faransanci. Ya nemi afuwa daga baya, amma mu da muke fita da asuba cikin dusar ƙanƙara, muka kuma yi karatunmu da Faransanci tun daga Maraɗi da Damagaram, mun ji maganar har cikin ƙashi.

To amma ba zan yaudare ku ba, sauya tsarin zaɓe ba zai soke wannan doka ba. PQ ma ta goyi bayanta, kuma idan ka haɗa ƙuri'un CAQ da na PQ sun haura kashi 55. Watakila ma a sabon tsari jam'iyyar da na zaɓa ta rasa kujeru, waɗanda ba sa ƙaunar zamanmu su ƙaru. Na yi wannan lissafi, ya kuma yi min ɗaci, amma bai sauya ra'ayina ba. Idan aka raba kujeru daidai da ƙuri'u, CAQ za ta tsaya wajen 51, sauran huɗun kowace tsakanin 16 da 19. Legault zai iya zama firimiya, amma dole ya nemi abokin tafiya, ya zauna ya saurara, ya sassauta a wani wuri. Mutum shida cikin goma da suka fita zaɓe ba shi suka zaɓa ba, bai kamata ya riƙe kujeru bakwai cikin goma ba. Ni baƙo ne da ya zama ɗan ƙasa, kullum ina cikin 'yan tsiraru, kuma na san zafin a yi shawara a kanka ba tare da kai ba. Ba zan so wa maƙwabcina abin da ba na so wa kaina ba don kawai ra'ayinmu ya saɓa.

Masu kare tsohon tsarin suna da hujjojinsu, ban raina su ba. Suna cewa yana haifar da gwamnati mai ƙarfi da ba ta rushewa kowace shekara, kuma mutumin ƙauye mai nisa kamar Gaspésie ko Abitibi yana so ya san ɗan majalisarsa da suna, ya san ƙofar ofishinsa. Wannan na biyun na yarda da shi ƙwarai. Mu 'yan Nijar mun ga ɗayan gefen, don kafin juyin mulkin 2023, a zaɓen majalisarmu jerin sunayen jam'iyya ake zaɓa a jiha, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'u, kuma mun san yadda uban jam'iyya ke ɗora na gaban goshinsa a saman jeri, ɗan majalisa ya fi tsoron shugabansa a kan talakawan da suka tura shi. Amma ƙudurin 39 ya bar kujeru 80 na mazaɓu daram. Jamus da Sikotlan sun daɗe a kan gaurayen tsari irin wannan, New Zealand ma ta koma gare shi tun 1996, kuma ba su wargaje ba.

Bayan zaɓen sai da aka yi ta cinikin yadda za a ba QS da PQ matsayi da lokacin magana a zauren, don ƙa'ida ta ce sai jam'iyya na da kujeru 12 ko kashi 20. Anglade ta yi murabus a watan Nuwamba. Duhaime kuwa, da mutanensa rabin miliyan, daga wajen zauren ya riƙa magana da 'yan jarida.

Abokin nawa ya ce min shi ya gama fita zaɓe, ɓata lokaci ne. Wannan kalma ta fi komai tsorata ni, don na sha jin ta a gida daga bakin matasa, kuma a zaɓen nan ma kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ba su fito ba. Na roƙe shi kada ya yi haka. Mun yi yarjejeniya da shi cewa kafin zaɓen Oktoba 2026, duk ɗan takarar da ya ƙwanƙwasa ƙofata ko tasa, na kowace jam'iyya, tambayar farko da za mu yi masa ita ce ko zai dawo da ƙudurin nan gaban majalisa, kuma a wace shekara. Na riga na rubuta wa 'yar majalisarmu wasiƙa a kan haka, shi ma ya ce zai rubuta wa nasa a ƙarshen mako.