Baffa, ta nawa ta zo?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya faru jiya bayan isha'i ne ya hana ni barci, kuma da kaina zan fara kafin in taɓa kowa.

Muna zaune a majalisarmu wajen mai shayi, nan Garwa, can wajen filin Roumdé Adjia, sai wani abokinmu ya miƙo waya yana cewa "kai, ku ga ikon Allah." Bidiyon wata 'yar tsere ce, an rage masa gudu, an jawo hoton kusa, kuma ba fuskarta aka jawo ba. Waya ta zaga hannu-hannu. Na kalla, na maimaita, na yi dariya tare da masu dariya, har na ce a turo mini. Da na koma gida an ɗauke wuta, 'yar yayana mai shekara 13, wadda ke gudu a makarantarsu, ta ɗauki wayata za ta kunna fitila, sai bidiyon ya buɗe. Ta tsaya ta kalla, ta ɗago ta ce: "Baffa, ta nawa ta zo?"

Wallahi ban sani ba. Ban san sunanta ba, ban san ƙasarta ba, ban ma lura ko ta kai ƙarshen tseren ba. Mu bakwai muka kalla, babu wanda ya tambaya.

Mun iya zagin Turawa da kamfanonin talla, kuma suna da nasu laifin. A 2004 shugaban FIFA na lokacin, Sepp Blatter, da bakinsa ya ce mata 'yan ƙwallo su riƙa sa wando mai matsewa don a fi kallonsu. A 2021 aka ci tarar 'yan matan Norway masu ƙwallon hannu ta bakin teku Yuro 1,500, kusan sefa miliyan ɗaya ke nan, saboda sun ƙi sa ɗan kamfai sun sa gajeren wando. Ku ji fa, tara don sun ƙara suturta jikinsu! A shekarar ce kuma 'yan wasan alkafura na Jamus suka fito gasar Olamfik ta Tokyo da kaya har idon sawu, don sun gaji da yadda ake haska su. Su da ba su taɓa jin wa'azin malamanmu ba sun san ana cinikin jikinsu.

To amma wa ke saye? Mai ɗaukar hoto ba mahaukaci ba ne, inda ido ke tsayawa nan yake kai kyamara. Facebook da TikTok suna ƙirga daƙiƙar da yatsanka ya tsaya a kan hoto, gobe su ƙaro maka irinsa. Mai tallan caca da ya manna hoton mace da rigar ƙwallo ya san wanda yake wa tarko. Ni ne, kai ne, Alhaji mai carbi a hannun dama da waya a hagu. Sai gari ya waye mu hau kan 'yan mata da faɗan mayafi, alhali ayar runtse ido a Suratun Nur da mu maza ta fara kafin ta zo kansu.

Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Wadda kake jawo hotonta 'yar wani ce. Shekaru ta yi tana tashi da asuba tana atisaye, kai kuma ka taƙaita ta a daƙiƙa goma. Françoise Mbango ta ɗauko wa Kamaru zinare sau biyu a tsalle, Athens 2004 da Beijing 2008. Ajara Nchout ta ci New Zealand ƙwallo biyu a kofin duniya na 2019, ta biyun a daƙiƙar ƙarshe, garin nan har ihu aka yi. Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da hijabinta. Su wa muka taɓa tura wa wannan a guruf? Amma na jiya, kafin shayi ya huce ya shiga waya biyar.

Kada wani ya ce mini ai wasanni kawai yake kallo. Ka san lokacin da kake kallon wasa, ka kuma san lokacin da zuciyarka ta bar wasan. Kallon farko ne aka yafe mana, maɓallin maimaitawa kuwa hannunka ne ya danna shi.

Don Allah ku goge. Wanda ya turo muku ku gaya masa ya daina, ko da zai ce kun cika tsanani. Don Allah ku goge tun yau. Ni na goge nawa a gabanta, na yi istigfari, amma da safen nan da ta kawo mini kunu ta durƙusa ta gaishe ni, na kasa haɗa ido da ita.