Ta ɗauru daban, ta ɗauka daban

Duk kun ga bidiyon farar motar Lexus IS300 ɗin nan da ta zubar da hanjinta a kan kwalta ranar Asabar, ba sai na maimaita ba. Fashewar giyabos ɗin ba ta dame ni kamar surutun da ya biyo baya ba. Wannan ya ce injin jabu ne, wancan ya ce direban bai iya taka kuloci ba, wani bawan Allah har ya hango hannun maƙiya a ciki. Maƙiya! Mutum ya ɗauko injin Toyota 2JZ-GTE, ya cire turbo biyun da ya zo da su ya kafa guda ɗaya mai girman tukunyar biki, sannan ya liƙa masa giyabos W58 a baya, wai kuma maƙiya ne suka kakkarya haƙoran giya ta uku. Ai irin wannan ba ya buƙatar maƙiyi, ya wadatar da kansa.

Kuma na san amsar da za a bayar a gareji, don kullum ita ce: "Oga, ai ta ɗauru, ko noti ɗaya ba mu sauya ba." Ƙwarai ta ɗauru. W58 ta motar Lexus SC300 an yi ta ne don injin 2JZ-GE marar turbo, bayan injinan biyu iri ɗaya ne, dole ramuka su hau juna. Jaki ma kana iya ɗaura masa kayan tirela, igiya ba za ta yi maka gardama ba. Ɗauruwa daban, ɗauka daban.

Giyabos ba ta san ƙarfin doki ba. Wannan lambar da kuke ta fafa da ita, doki 500, doki 600, ta hira ce. Abin da haƙoran giya ke ji shi ne ƙarfin murɗa, wanda ake aunawa da Nm, wato newton-mita. Injin da aka ƙera W58 dominsa bai kai 300 ba. 2JZ-GTE kuwa daga kamfani, ba a taɓa shi ba, yana wajen 430 zuwa 450. Ka sa masa babban turbo ka ƙara iska, Nm 600 ba abin a zo a gani ba ne. Wato ninki biyu na abin da aka yi mata alkawari. Sannan injin turbo ba ya kawo ƙarfinsa a hankali kamar marar turbo. Shiru, shiru, sai iska ta cika, sai ya sauke komai lokaci ɗaya kamar an buga guduma.

Masu tambayar me ya sa giya ta uku, ba ta ɗaya ba: a giya ta ɗaya da ta biyu taya ce ke ceton ku. Tana sulɓewa, tana hayaƙi, ƙarfin yana tsiyayewa ta nan. A ta uku taya ta kama ƙasa, turbo ya cika, babu inda ƙarfin zai bi sai ta cikin ƙarfe. Kuma haƙoran ta uku suna zaune ne wajen tsakiyar shaf, nesa da boris ɗin da ke riƙe da shi. Shaf biyun sai su ɗan buɗe, haƙoran da ya kamata su haɗu ciki da ciki sai su koma cizo da baki-baki. Ɗaya ya ɓalle, gutsurensa ya faɗa tsakanin sauran, shi ke nan, an gama. Ƙarar da kuka ji a bidiyon kafin hayaƙi ke nan.

"To ai wane yana da W58 a bayan turbo, shekara biyu lafiya lau." Madalla. Ku tambaye shi sau nawa ya take totur har ƙasa a giya ta uku da taya mai kyau. Wanda ya sayi zaki yana ba shi kunu ba shi ne zai gaya mana ƙarfin keji ba.

Yanzu maganar gaskiya, don ba dariya kawai na zo yi ba. Giyabos ake fara zaɓa, kafin a biya kuɗin inji. Ka rubuta ƙarfin murɗar da kake nufin kaiwa, ba wanda kake da shi yau ba, don babu mai turbo da ya taɓa tsayawa inda ya ce zai tsaya. Ka ɗora kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a kai. Wannan lambar ce za ka shiga kasuwa da ita, Ƙofar Ruwa ce, Panteka ce, Ladipo ce, duk ɗaya.

Idan giyar hannu kake so kuma ba za ka yi nisa da ƙarfin kamfani ba, giyabos R154 ita ce ta gida. Toyota da kanta ta sa ta a bayan injin 1JZ-GTE a motocin Chaser da Mark II da Soarer. Amma a kula da abu biyu. Wadda aka ciro daga tsohuwar Supra mai injin 7M, ƙoƙon gabanta ba ya hawa injin JZ, sai an nemo na 1JZ. Kuma kulocinta na ja ne, na W58 na turawa ne, don haka kayan kulocin da ke motarka ba za su yi ba. Tana da lagonta: woshar da ke bayan giya ta ɗaya tana fashewa, cokulan sauya giya suna karyewa. Duk wadda ka samu ta haura shekara 20, a buɗe ta a duba tun tana ƙasa.

CD009 ta Nissan 350Z da Infiniti G35, mai giya shida, ta fi ta juriya. Sai dai ba kowace giyabos ɗin 350Z ce CD009 ba. Na farko-farkon suna da matsalar sinkuro, wato zoben da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, suna gurza wajen shiga giya, sai wajen 2005 aka gyara. Lambar tana kan takardar da ke manne a jikinta, karanta da idonka, kada ka karɓi "wallahi ita ce". Ita ba ta ɗauruwa kai tsaye, sai da farantin haɗi. Tana da ƙiba, sau da yawa sai an faɗaɗa ramin ƙasan mota, sandar giyarta tana faɗawa can baya sai an matso da ita, kuma ba ta da na'urar auna gudu a jikinta. Man da Nissan ta ce a zuba mata GL-4 ne, 75W-85, ba man aksil da aka gani a kusa ba. V160 ta Supra mai turbo kuwa, idan kana da kuɗinta ba ka buƙatar shawarata.

Farantin haɗin nan shi ne inda ake kashe giyabos mai kyau. Ba faifan ƙarfe ba ne da za a yanka da gas a huda da ido. Tsakiyar giyabos dole ta zauna daidai da tsakiyar karanshaf, kuskuren kada ya wuce milimita 0.13, kuma da agogon awo ake dubawa, a kafa shi a jikin filawil a juya injin da hannu. Idan ya kauce, boris ɗin gaba zai ci kansa, giya ta riƙa fita da kanta, kuloci ya riƙa rawa. Ga wani ƙaramin abu da ake mantawa kullum: yawancin 2JZ-GTE na Beljiyam daga motar Toyota Aristo aka ciro su, ita kuwa Aristo otomatik ce zalla. Babu ɗan boris ɗin da ke zama a ramin bayan karanshaf don riƙe hancin shaf ɗin giyar hannu. Abu ne da bai kai murfin kwalba biyu ba. Ka manta da shi, ka sake sauke giyabos.

Tunda an ambaci Aristo: A340E ɗin da ke zuwa manne da injin, wadda ake cirewa a jefar a lungun gareji don wai otomatik ta mata ce, ta fi W58 ɗinku dacewa da wannan injin nesa ba kusa ba, don dominsa aka yi ta. Kuma otomatik ba ta sakin iskar turbo lokacin sauya giya. Zafi ne kawai ajalinta. Manta yana son zama wajen digiri 80 zuwa 95, idan ya riƙa haura 120 yana ƙonewa, fayafayan ciki su fara sulɓi. A garin da Afrilu ke kai digiri 40 a inuwa, ɗan bututun da ke bi ta cikin lagireto ba zai isa ba. A sa mata nata abin sanyaya mai a gaba, a sa agogon zafi. Mai son na zamani ga ZF 8HP, su har sun sauƙaƙa maka, lambar tana cikin sunan: 8HP45 Nm 450, 8HP70 Nm 700. Ka nemi ta mota mai ja da baya kawai, kuma ka sani tana da ƙwaƙwalwarta a ciki, ba za ta motsa ba sai an sa na'urar da za ta haɗa ta magana da burenbos ɗin inji. Idan mai wayarinka ya ce zai "yi mata dabara", ɗauki motarka ka tafi.

"Kuɗin ya yi yawa." Turbo ɗin kyauta aka ba ka? Fentin fa, da rim? Kuɗi bai yi yawa ba sai da aka zo kan abin da ba ya fitowa a hoto.

Kuma ko ka dace da giyabos, lissafi bai ƙare ba. Aksil ɗin IS300 otomatik 3.91 ne, wato farfela na juyi sau 3.91 kafin taya ta juya sau ɗaya. Giyar farko ta CD009 3.79 ce. Haɗa su da taya 225/45R17, za ka ga giya ta ɗaya ta ƙare a wajen kilomita 52 cikin awa, turbo bai gama buɗe ido ba ka riga ka kai hannu ga ta biyu. Da R154 za ka kai wajen 61. A kan hanya kuma, gudun 120 a giya ta shida injin yana juyi sama da 3,100 a minti. Shi ya sa 350Z mai giyar hannu take da 3.54 a baya. Farfela ma dole a sake ta, a yanke ta a kan injin sassaƙa ƙarfe, a daidaita nauyinta, kusurwar gaba da ta baya su yi daidai da juna. Ba a kai wa mai waldar ƙofa. Farfelar da ta tsinke a gudun 140 ta ƙarƙashin kujerarka take fitowa. Kulocin nan mai kama da ƙafar agwagwa, marar sifirin, wanda ake yabo don yana cafka kamar tarko, shi ma duk cafkar a kan haƙoran giya take sauka.

Wani abu da ba wanda ya kula da shi a bidiyon: da mai ɗauka ya matso kusa da tayar baya, gefenta duk ya tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara. Akwai lamba huɗu a gefen kowace taya, bayan rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Ku fita yanzu ku duba naku. Kuma don Allah masu ɗaukar bidiyo a wajen wasan mota, ku daina tsayawa ta wajen kwana da yara a gabanku.