Idan benen ƙungiya ya tsage, wa zai biya?

Ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata sun yawaita shiga harkar gina gidaje, ana yankar albashin mambobi wata-wata har a tayar da bene, a raba wa kowa sashensa. Abin da ba a cika rubutawa a yarjejeniya ba shi ne wanda zai ɗauki asara idan damina ta biyu ta zo, bango ya tsage daga ƙasan taga zuwa tushe, ko rufin kankare ya fara yoyo har rodi ya yi tsatsa. A nan ɗan kwangila zai ce zanen da aka ba shi ya bi, mai zane ya ce an rage siminti, shugabannin da suka sa hannu kuwa wa'adinsu ya ƙare. Mamba shi ake bari a tsakiya, domin ba da shi aka ƙulla kwangilar ba.

A ganina Faransa ta warware wannan tun 1978, da dokar da ake kira ta Spinetta. Sashe na 1792 na kundin dokokin farar hula na ƙasar ya ɗora wa duk mai hannu a ginin, daga mai zane zuwa ɗan kwangila, alhakin duk lahanin da ya taɓa ƙarfin ginin ko ya hana a zauna cikinsa, har shekara 10 daga ranar karɓar aiki, ko da daga ƙasar filin matsalar ta taso. Mai gida ba sai ya tabbatar da sakacin kowa ba. Magini ne zai kawo hujjar cewa musabbabin daga waje yake, kuma haƙƙin yana bin ginin ko an sayar da shi. Sannan dole ne wanda ya ba da aikin ya yanki inshora kafin a fara; idan aka kai ƙorafin lahani, kamfanin inshorar ya ba da amsa cikin kwana 60, ya biya kuɗin gyara, daga baya ya bi masu laifi.

Za a ce wannan yana ƙara tsadar gini, kuma gaskiya ne. Amma ƙungiya ba ta buƙatar jiran majalisa: tana iya rubuta sharaɗin shekara 10 a kwangila, ta riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har damina ta wuce, ta kuma ɗauko injiniyanta na daban ya duba rodi kafin a zuba kankare.