Kanikawan babur, ku daina karya mana kan inji saboda gasket ɗin salansa

Abin da wasu kanikawan babur ke yi mana a ƙauyukan nan ya isa haka. Ina magana ne a kan gasket ɗin salansa, ɗan zoben nan da ake sakawa a bakin inji, daidai inda bututun salansa ke haɗuwa da kan silinda, wato kan inji. Ƙaramin kaya ne mai araha, sa shi kuma ba ya cin rabin awa a hannun wanda ya san aikinsa. Amma a kan wannan ɗan zoben mutane ke asarar kan inji sukutum, a jingine babur a zaure, gida ya kwana babu cefane.

Mu nan yankin Taura da Ringim babur ba kayan ado ba ne. Shi ke kai buhu kasuwar Gujungu ran Lahadi, shi ke kai akuya Maigatari ran Alhamis, shi ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare. Hanyoyinmu kuwa rairayi ne da ramuka, salansa tana shan jijjiga, notina suna kwancewa da kansu. Don haka duk mai babur wata rana zai ji wannan ƙarar ta tas-tas-tas da sassafe kafin inji ya ɗumama, ya ga baƙin hayaƙi ya shafe bakin bututun, in ya saki totur a gangara kuma salansar ta riƙa harbi. Wannan ba laifin kowa ba ne, gasket ne ya gaji. Laifin yana farawa ne daga lokacin da ka tura babur ƙarƙashin bishiyar bakanike.

Yawancinsu ko tsohon gasket ɗin ba sa cirewa. Zafi da hayaƙi sun riga sun manne shi a cikin ramin, ya yi baƙi ƙirin har ka ɗauka jikin injin ne. Maimakon a sa haske a leƙa, a ɓamɓaro shi a kankare wurin, sai a ɗora sabo a kansa. To ina zai shiga? Da ya ƙi shiga sai a ce ya yi matsi, a ɗauko sukudireba da guduma a hau dukan gefensa har ya lanƙwashe. Zoben da aka yi shi don ya matse sau ɗaya tak ya toshe kowace kafa, an riga an nakasa shi tun bai fara aiki ba.

Sai ɗauri, kuma nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Noti biyu ne ke riƙe da bakin salansa. Yaron shago zai ɗaure ɗaya tamau har ƙarshe, ɗayan yana lilo, bututun ya karkace. Da ya ga ɗaya gefen ya ƙi zama, sai ya zura faif a sifana don ya ƙara ƙarfi, ya danna da nauyin jikinsa duka. Jama'a, kan injin nan alminiyam ne, ba ƙarfen garma ba! Ƙusoshin da notinan ke hawa sirara ne, sun sha zafi da tsatsa shekara da shekaru. Ko dai zaren ramin ya zame ƙusar ta fito, ko ta karye a ciki. Ni haka aka yi wa nawa, ina tsaye ina cewa a bi a hankali, aka ce mini, "Malam, kai dai zauna, aikinmu ne." Da ta karye kuma maigidan shagon, wanda tun safe yake kan benci yana hira, ya taso ya duba ya ce, "Ai dama ta ruɓe, ko wa ya taɓa sai ta karye." Ba haƙuri, ba rage kuɗin aiki, sai ma ya nuna mini hanyar mai walda.

Mai walda kuma ba kowa ne ya iya fitar da karyayyar ƙusa daga alminiyam ba. Wani zai huda a karkace ya ɓata ramin, wani ya ƙona gefen. Daga nan sai ka ji ana cewa a nemo wani kan inji daga Kano. Ga kuɗin mota, ga kuɗin kaya, ga kwanakin da ba ka fita nema ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma kai da aka cuta kai za ka biya.

Masu sayar da kayan gyara ma ba zan ƙyale su ba. Kowane babur da faɗin bakinsa: na Boxer daban, na roba-roba daban. Amma sai ka tarar da zobba a zube cikin gwangwani ɗaya, ba kwali ba lamba, mai shago ya miƙo maka wanda hannunsa ya fara taɓawa ya ce duk ɗaya ne. Wasu ma jabu ne, daga nesa kamar jan ƙarfe, da sun sha zafi sai su ƙone su farfashe. In ka mayar, ya ce kayan da aka ɗaura ba ya karɓa. Inda babu gasket ɗin ma gaba ɗaya, na ga inda aka naɗa waya, na ga inda aka yanka kwali aka shafe shi da gam. A wurin da wutar inji ke fitowa kai tsaye! Kafin ka isa gida ya zama toka.

Abin haushin shi ne aikin ba wani sirri gare shi ba. A bar inji ya huce. A jiƙa notinan da mai su yi laushi kafin a taɓa su. A sassauta ɗaurin salansa na baya don bututun ya samu sakewa. A cire tsohon zoben, a kankare ramin tas ba tare da an ƙwarzane alminiyam ɗin ba. In sabon ya yi ɗan matsi, a ɗora masa soket, wato kan sifanar nan mai zagaye, mai faɗinsa a ɗan bubbuga a hankali ya shiga daidai ta kowane gefe, in kuma yana faɗowa a ɗan shafa masa giris ya riƙe shi. In ya ƙi shiga bayan an wanke ramin, ba nasa ba ne, a canza. Sannan a ɗaura notinan da hannu, a riƙa ja kaɗan nan kaɗan can har su zauna tare, sai a ƙarasa na baya. Bayan an ɗan yi tafiya inji ya yi zafi ya huce, a sake dubawa. Wane ɓangare ne a nan ya fi ƙarfin wanda ya kira kansa bakanike?

Kuma kada wani ya ce ƙaramin abu ne, a yi ta hawa haka. Kafar da lalataccen gasket ya bari tana zuƙo iska daga waje, tana watsa wa ƙafar direba zafi, kai da fasinja kuna shaƙar hayaƙi, babur yana ƙara kamar zai tarwatse. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta wuce 1,000. Abin da ɗan acaɓa ke samu a wuni ya riga ya ƙanƙance, ba shi da rarar biyan gyara ɗaya sau biyu, balle sayen kan inji.

Ina kira ga shugabannin kanikawa na garuruwanmu, tunda kuna da ƙungiya kuna karɓar kuɗin taro: ku kafa doka cewa duk wanda ya karya ƙusar salansa da gangancinsa shi zai biya mai walda. Iyayen gida kuma ku tashi daga benci ku tsaya a kan yaranku, yaron da ya zo koyo bara ba shi ya kamata a sakar wa kan injin mutane ba. Ni dai daga yau duk wanda zai taɓa salansata sai ya fito da tsohon gasket ɗin ya ɗora mini a tafin hannu kafin ya sa sabo, kuma in na ga ya ɗauko faif zai zura a sifana, zan ja babur ɗina in bar masa wurin.